Gidan Sarki na Fanisau: Ribaɗi Ne Ko Gidan Gona?

Tun da hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disambar 2024, ana ta zancen dawakai da alkyabba da 'yan bindiga, amma da wuya ka ji an ambaci gidajen da ake yin hawan zuwa gare su. Hawan Fanisau, wanda ake rufe bikin Babbar Sallah da shi, ziyara ce ga wani tsohon gida a ƙaramar hukumar Ungogo, arewa da birni, inda Sarki kan wuni sannan ya komo fada da yamma. Gidan kuwa yana da tarihin da ake jayayya a kansa, kuma jayayyar ta shafi abin da ya kamata a kare a can.

Labarin da aka fi sani na yaƙi ne. Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, ya hau gado ne a cikin tawaye, kuma wanda ya fi ba shi wahala shi ne Ɗan Tunku na Ɗambatta, wanda zuriyarsa ke sarautar Kazaure. Domin tare hanyar arewa, Dabo ya mai da Fanisau ribaɗi, ya gina gida a can, yana zuwa da rundunarsa. Da Baturen nan Hugh Clapperton ya iso Kano a watan Janairun 1824, bai tarar da Sarki a fadarsa ta Gidan Rumfa ba, sai da ya bi shi Fanisau. Masu riƙe da wannan ƙauli suna cewa ai magana ta ƙare: gidan sansani ne, noman da aka yi a gefensa kuma na ciyar da mayaƙa ne kawai.

Ɗaya ƙaulin ya fi ƙarfi, ko da yake bai da daɗin faɗa a gaban fada. Masanin tarihi Mohammed Bashir Salau, a littafin da ya wallafa kan Fanisau a 2011, ya yi amfani da hirarrakin da Yusufu Yunusa ya ɗauka da dattawan garin a 1975, ya nuna cewa gandaye ne suka riƙe garin, na Sarki da na attajiran birni, bayi ne kuma suka noma su a ƙarƙashin sarakunan gandu. Bai musa ribaɗi ba. Amma lissafi mai sauƙi ya isa: rigimar Ɗan Tunku ba ta wuce 'yan shekaru ba, Kazaure ta zama masarauta mai cin gashin kanta, gidan kuwa ya ci gaba da aiki har Turawa suka ci Kano a 1903. Me ya riƙe shi duk tsawon wannan lokaci in ba dawa da gero da ake ɗaukowa zuwa fada ba? Sansani da ya daɗe haka bayan rigimar da aka gina shi dominta ta wuce, gidan gona ne mai katanga. Bayan zuwan jirgin ƙasa gonakin suka koma ga gyaɗa, aka haramta bauta gaba ɗaya a 1936, yanzu kuma birni ya miƙo har yana cin filayen Ungogo.

Idan an yarda da haka, to adana soron Sarki kaɗai rabin aiki ne. Gidan gona na ƙasar Kano tsari ne guda: zaure inda ake karɓar baƙi da auna hatsi, shigifa, cikin gida, turken dabbobi da ke ba da taki, rumbuna, sai gonar da ta kewaye su da ɗorawa da kuka da rimi. Kayan gininsa ma daga nan suke fitowa. Da jar ƙasa ake murza tubali, azara daga giginya take saboda gara ba ta cin ta, makuba kuma daga kwasfar ɗorawa, katsi daga karofin marina. Ɗaurin guga da bakan gizo, waɗanda ke ba magini damar rufe babban ɗaki ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba, azara ce ake jerawa hawa-hawa ana ɗaurewa ana shafe ta da laka. Sare ɗorawa ko rufe karofi ɓarna ce ga ginin, ko da ba a taɓa bangonsa ba.

Wani zai ce ginin ƙasa ba ya tsufa yadda na dutse ke yi, kowace damina tana cin wani abu, kowane rani ana yaɓe, don haka babu tabbacin ko tubali ɗaya na zamanin Dabo ya rage. Gaskiya ne, amma hujjar ta juya kan mai ita. Babban masallacin Jenne a Mali, wanda aka sake ginawa a 1907, duk shekara mutanen gari ke fitowa su yaɓe shi, kuma hakan bai hana UNESCO karɓar garin a 1988 ba. Tsufan irin wannan gini yana cikin fasalinsa da hannun maginin da ya gaji aikin. Maƙiyinsa na gaske siminti ne: yana riƙe danshi a cikin bango har ƙasar ta ruɓe daga ciki, sai wata rana ya ɓantare da ita. Wani kuma zai ce tono zancen bauta tada zaune tsaye ne, tunda jikokin kowa na nan. Amma kakannin garin ne da kansu suka ba da labarin a 1975, ba a tilasta su ba.

Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ba ta ikon ayyana gini abin tarihi, sai dai a Kano hankali ya fi tafiya ga ganuwa da Gidan Makama, ita ganuwar ma ba ta tsira ba. A Babbar Sallar 2024 'yan sanda sun hana hawa saboda rikicin sarauta, kuma gidan da darajarsa ta rataya ga ziyarar rana ɗaya a shekara bai kamata gyaransa ya jira sulhun manya ba. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, da masarauta, da sashen zanen gine-gine na Jami'ar Bayero, su auna gidan Fanisau su zana taswirarsa, su shata abin da ya saura na gandun Sarki, su kuma ɗauki maginan gargajiya aikin yaɓe na kowace shekara tun masu ɗaurin guga suna da rai.