Daga Sanƙira zuwa Salula: Tarihin Jin Labari da Tofa Albarkacin Baki a Ƙauyukan Maraɗi

Sae Sabuwa ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Gidan Rumji, ba ta da nisa da birnin Maraɗi, kuma tana cikin yankin noman hatsi da wake da gyaɗa wanda ya miƙe gabas har Agye da Gazawa, inda ƙauyuka ke kusa da juna ƙwarai, domin ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da miliyan 3.4 a jihar Maraɗi kaɗai. Kowace na'urar sadarwa da ta shigo wannan yanki daga tsakiyar ƙarni na 20 zuwa yau ta tarar da al'adu biyu da suka riga ta kafuwa, wato da baki ake ba da labari, kuma a cikin taro ake jin sa ana tauna shi. Na'urar da ta dace da waɗannan al'adu ta sami gindin zama, wadda ba ta dace ba kuwa ta tsaya a ofisoshin hukuma. Haka nan kowace gwamnati, ta farar hula ko ta soja, ta so a ce ita ce mai magana talaka kuma mai saurare, talaka kuwa bai taɓa barin neman ƙofar mayar da martani ba.

Kafin zuwan Faransawa, umarnin Sarkin Gobir na Tibiri ko na Sarkin Katsinan Maraɗi yana isa ƙauye ne ta bakin manzo, mai gari ya karɓa, sannan sanƙira, wato maroƙin da aikinsa shela, ya bi unguwa-unguwa yana ɗaga murya. Labarin nesa kuwa fatake ne ke kawo shi, a baje shi ranar kasuwa, wadda ke ci sau ɗaya a mako, ya watsu da yamma tare da masu komawa gida. Wayar tangaraho da gidan waya da Turawan mulkin mallaka suka kafa sun yi wa kwamanda da 'yan kasuwar gyaɗa aiki, amma manomin da ke son aika saƙo wurin malami yake zuwa a rubuta masa da ajami, ko ya ba matafiyi sallahu da baki.

A 1958 aka buɗe gidan Rediyon Nijar a Yamai, shekara biyu kafin samun mulkin kai, kuma a 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraren rediyo, wadda ta cancanci a dakata a kanta, domin ita ce gwaji na farko da hukuma ta yi na jin ra'ayin mutanen karkara ta hanyar na'ura. Tsarin aikin shi ne a zaɓi batu guda, kamar kiwon lafiyar yara ko adana hatsi ko tsadar aure, a watsa shiri a kansa da harsunan ƙasa, jama'a su taru da dare su saurara a akwatin rediyo ɗaya, sannan mai jagorantar kulob, wanda galibi malamin makaranta ne, ya buɗe muhawara yana ɗaukar muryoyin mutane a faifai, a aika Yamai, a tsinci abin da aka tsinta a sake watsawa. Ke nan manomin da bai taɓa riƙe alƙalami ba yana iya jin muryarsa, ko ta wani irinsa, tana fitowa daga akwatin da shugaban ƙasa ke magana a ciki, abin da ba ƙaramin al'amari ba ne a wancan zamani. Sai dai gwajin yana da iyaka tun daga tushe, saboda an yi shi ne a ƙarƙashin jam'iyya ɗaya ta Diori Hamani, bayan haramta jam'iyyar Sawaba a 1959, batun kuma daga sama yake saukowa, faifan kuwa sai ya bi ta hannun mai tacewa kafin ya kai ga kunnen jama'a. An yarda talaka ya faɗi ra'ayinsa a kan rijiya da taki, ba a yarda ya faɗe shi a kan haraji da masu karɓarsa ba.

Abin da ya sassauta wannan riƙo shi ne ƙaramar rediyo mai aiki da batir, wadda ta yi araha ta kuma kwararo daga Najeriya ta hannun alhazan Maraɗi, manyan 'yan kasuwar da arzikinsu ya ginu a kan cinikin iyaka. Da ita mutumin Gidan Rumji ko na Gazawa ya sami zaɓi, domin Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, na Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, ga kuma Rediyon Kaduna da ake kamawa tangaram, mai waƙoƙin Mamman Shata da gaisuwar masu saurare. Daga nan ne aka sami ɗabi'ar da har gobe ba ta gushe ba, ta auna labarin gida da na waje, a ji abin da Muryar Sahel ta faɗa, sunan da rediyon gwamnati ya koma amsawa a 1974, sannan a jira a ji ta bakin Landan kafin a yanke hukunci. Gwamnatin Seyni Kountché ta gwada talabijin, ta buɗe Télé Sahel a 1979, ta kuma ajiye akwatunan kallo na jama'a masu aiki da hasken rana a wasu garuruwa, amma kallo bai taɓa kamo ƙafar saurare ba, tun da rediyo tana bin mutum gona a rataye, talabijin kuwa sai an je mata. Kaset ma ya taka rawarsa ba tare da wata hukuma ta tsara ba: da shi wa'azi ya yaɗu, har da na Izala da ya jawo gardama mai zafi a Maraɗi, da shi kuma 'yan ci-rani ke naɗo gaisuwa da bayanin yadda za a raba abin da suka aiko.

Taron ƙasa na 1991 ya buɗe fagen siyasa, gidajen rediyo masu zaman kansu suka biyo baya daga 1994, irin su Anfani da Sarauniya, sannan rediyoyin karkara na al'umma daga 1999. A wannan zamani ne kuma fada ta bunƙasa, wato majalisar samari da ke zama wuri guda kullum ana dafa shayi ana hira, kuma fadodi da yawa sun yi suna ne ta hanyar aika gaisuwa a rediyo. Shirin da ake buɗe layi mai saurare ya kira ya yi magana kai tsaye shi ne ya cika abin da kulob-kulob na 1962 suka faro suka kasa ƙarasawa, domin a nan babu faifan da za a tace, sai dai mai gabatarwa ya katse layi in magana ta yi zafi.

Wayar salula ta shigo Nijar a 2001 da kamfanin Celtel, wanda ya koma Zain a 2008, ya kuma koma Airtel a 2010, sauran kamfanoni suka biyo, cikinsu har da Orange da ta fara aiki a 2008 daga baya ta zama Zamani. Waɗanda suka fara cin moriyarta a karkarar Maraɗi 'yan kasuwar hatsi ne. A da, mai son sanin kuɗin tiya, wato kwanon awon hatsi, a wata kasuwa mai nisa, sai ya hau mota ya je da kansa, ko ya jira sanarwar farashi ta mako-mako a rediyo, wadda kan iso bayan ciniki ya riga ya sauya. Da waya kuwa kira ɗaya ya wadatar. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker, wadda ta bi kasuwannin Nijar na tsakanin 2001 da 2006, ta gano cewa zuwan salula ya rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Wani binciken da ta yi daga baya tare da Marcel Fafchamps ya nuna cewa bambancin kuɗin da ake sayen wake daga hannun manoma ya ragu da kimanin kashi 6 cikin ɗari, amma matsakaicin abin da manomi ke samu bai ƙaru ba. Wannan ya yi daidai da abin da manoman ke faɗa da bakinsu, cewa sanin farashi dabam, iya jira dabam, domin wanda bashi ya ci masa wuya da kaka dole ya sayar ko da ya san hatsi zai yi tsada da bazara. Yunwar 2005, wadda ta fi tsanani a jihar Maraɗi alhali akwai hatsi a kasuwa sai dai ya fi ƙarfin aljihu, ta faru ne eriyoyin salula na tsaye a manyan garuruwa, kuma hotunan da kafofin waje suka ɗauka ne suka tayar da duniya, a daidai lokacin da Shugaba Mamadou Tandja ke musanta cewa ana yunwa.

Wanda ke son ganin yadda fasahar ta zauna a ƙauye, ya dubi rumfar mai caji ranar kasuwa. Tebur ne da aka jera wa soket bila adadin, ana ba shi wuta daga faifan sola ko ƙaramin janareto, kowace waya an manna mata lamba an ba mai ita irinta don gudun musanya, kuma mai rumfar shi ne mai sayar da kati, shi ne mai tura finafinan Kano da wa'azi da waƙa a memori, sau da yawa kuma shi ne mai karanta wa dattijo saƙon da ya shigo masa. Tun da wutar lantarki ba ta kai yawancin ƙauyuka ba, ra'ayin jama'a game da fasaha yakan faro ne daga kuɗin caji da na kati da ƙarfin rezo, wato layin sadarwa, kafin a zo maganar 'yanci ko doka. Hatta hanyar aika kuɗi ta bi wannan sahu, domin mutane sun fi sakin jiki da kamfanonin gida irin su Al Izza da Nita, inda ɗan ci-rani zai zuba kuɗi a Agadas ko Yamai ya kira gida ya faɗi lambar sirri, a je a karɓa hannu da hannu.

Intanet ta daɗe tana zaman abin 'yan boko, har sai da WhatsApp ya zo da saƙon murya, wanda ya ɗauke wa mai waya wahalar rubutu a ƙasar da manyan da suka iya karatun boko ba su wuce kimanin kashi ɗaya cikin uku ba. Nan da nan aka buɗe zaurukan 'yan gari ɗaya, masu haɗa na gida da na Libiya da Aljeriya da Legas, inda ake sanar da rasuwa da suna, a tara gudummawar gyaran famfo, a kuma caccaki magajin gari. Ra'ayoyi sun rabu a kansa, kuma rabuwar ta bi shekaru da jinsi: dattawa na kukan cewa waya ta cire wa yara kunya tana kuma kashe aure, malamai na tsinuwa ga abin da ake kallo a cikinta alhali da ita karatunsu ke yawo, mata kuwa, waɗanda da yawansu wayar miji ko ta ɗa suke ara, suna ganin ta a matsayin hanyar jin muryar 'yar da aka aurar nesa ba tare da neman izinin tafiya ba. Ƙarya ma ta sami abin hawa, domin murya ba ta da sa hannu, kuma saƙon da aka tura sau goma ba a sanin bakin da ya fito.

Rashin tsaro ne ya mayar da wannan hira ta zama muhawara a kan manufofin gwamnati. Daga 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako zuwa gundumar Gidan Rumji suna gudun 'yan bindiga, har aka tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, satar mutane da shanu kuma ta biyo su. Da waya ɓarayin ke neman kuɗin fansa, da ita masu tsegunta musu ke aiki, amma da ita ne kuma ƙauye ke gargaɗin maƙwabcinsa ko ya kira jami'an tsaro. Lokacin da hukumomin Najeriya suka rufe layukan sadarwa a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato a watan Satumba na 2021, mazauna bakin iyaka sun ga sakamakon da idonsu: ciniki ya tsaya, 'yan uwa sun kasa jin juna, masu laifin da aka yi abin dominsu kuwa suka koma amfani da layukan Nijar. Wannan darasi ya raunana hujjar masu cewa toshe layi maganin ta'addanci ne, ko da yake har yanzu akwai masu riƙe da ita, musamman waɗanda aka taɓa yi wa ɓarna.

A cikin gida, hukuma ta bi hanyar doka da ta makulli. An kafa dokar laifukan intanet a 2019, wadda ta tanadi ɗauri a kan ɓata suna da yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a, kalmomin da faɗinsu ya isa ya haɗiye mai ƙarya da mai ƙorafi baki ɗaya. An katse intanet ta salula na kimanin kwana 10 daga 24 ga Fabrairu 2021, bayan bayyana sakamakon zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa da Mohamed Bazoum ya kara da Mahamane Ousmane. A 2022 aka cire hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi, amma gwamnatin soja da ta karɓi mulki a 26 ga Yuli 2023 ta maido da shi a watan Yuni na 2024, ta kuma tsananta, bayan ta dakatar da gidan rediyon RFI tun watan Agusta na 2023, sannan ta dakatar da BBC na wata 3 a Disamba 2024. Ga manomin Sae Sabuwa, wanda ba shi da lauya kuma bai taɓa ganin takardar dokar ba, ma'anar wannan duka ita ce muryar da ya tura a zauren 'yan garinsu tana iya zama shaida a kansa a gaban alƙali, kuma a dokar da ke aiki tun 2024 hukuncin yaɗa abin da aka ɗauka mai ta da hankalin jama'a ne yana kaiwa ɗaurin shekara 2 zuwa 5.