Darwin da Bishiyar Harsuna: Waiwaye Kan Tarihi

A shekarar 1859 ne Charles Darwin ya bayyana cewa halittu kan bambanta, kuma wadda siffofinta suka dace da muhalli ita ta fi tsira ta hayayyafa, zuriya ta gaji siffofin. A 1863 masanin harshe Bajamushe, August Schleicher, ya danganta ra'in da harsuna, inda ya ɗauke su tamkar halittu masu rai. Bishiyar dangantakar harsuna da ya zana ta ɗore. Irinta ce ta sanya Hausa a reshen Cadi. Sai dai kamancen yana da iyaka: ba a gadon harshe ta jini, koyonsa ake yi. Saboda haka ba rauni ke kashe harshe ba, iyaye ne kan daina magana da shi ga 'ya'yansu.