Mantuwar Saurayi da Gigin Tsufa: Yadda Aka Haɗe Su

Mun sha karanta labarin da za a kawo budurwa mai shekara 23, ta manta inda ta ajiye makulli, ta manta sunan ƙawarta, sai a babi na gaba likita ya ce ta kamu da "cutar mantuwa". Masu karatu kuwa matasa ne, da yawansu sai su auna abin a kansu, hankalinsu ya tashi. Kakanninmu ba haka suka kasa abin ba, kuma yana da kyau mu san inda aka haɗe shi.

Tsoron mantuwa a ƙuruciya tsohon abu ne a ƙasar Hausa, kuma gidansa tsangaya. A Kademi da sauran garuruwan Gaya da Ajingi, kamar ko'ina a gabashin Kano, yaro kan fara da kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi. Wasu su nausa gabas, Haɗeja ko Nguru ko Maiduguri, neman hadda. Jarin gardi kansa ne. Idan ya wanke allo, washegari ya nemi abin da ya wanke ya rasa, to ya yi asara, ga kunya a gaban sa'o'insa. Saboda haka aka tsara tilawa da tishi, aka kafa bukkokin kiskadi a bayan gari don mutum ya nisanci hayaniya. Ga rubutun sha, ga zuma.

Littafin Ta'alimul Muta'allimi na Zarnuji, malamin da ya rayu wajejen shekarar 1200, wanda har yau ake karantawa a zaurukanmu, ya ware fasali guda a kan abin da ke kawo hadda da abin da ke kawo mantuwa. A ɓangaren hadda ya kawo naci, da rage ci, da asuwaki, da zuma, da zabibi ja guda 21 kafin a karya kumallo. A ɓangaren mantuwa akwai abubuwan da yau za su ba mu murmushi: tuffa mai tsami, ratsa ayarin raƙuma, yin ƙaho a ƙeya. Amma manyan dalilan da ya sa a gaba su ne saɓo, da yawan baƙin ciki da damuwar duniya, da tara hidimomi. A batun damuwa da tarin hidima, likitan yau ba zai yi masa musu ba. Abin lura shi ne, a wannan tsari mantuwar saurayi abu ne mai dalili, mai magani.

Gigin tsufa daban ne. Wannan na kaka ne da ta daina gane jikokinta, take kiran mijinta da ya rasu shekaru aru-aru. Ba a kai ta asibiti, ana dai lallaɓa ta a gida. Ba wanda zai ce gardi yana gigin tsufa.

Sunan asibiti daga Jamus ya taso. A 1901 aka kwantar da wata mata, Auguste Deter, mai shekara 51, a asibitin masu taɓin hankali na Frankfurt. Likitanta Alois Alzheimer ya bibiyi ciwonta har ta rasu a 1906, ya duba ƙwaƙwalwarta, ya gabatar da abin da ya gani a wannan shekarar. A 1910 Emil Kraepelin ya laƙaba wa cutar sunan Alzheimer. Shekaru da dama ana ɗaukarta cuta ce da ba a cika gani ba, ta waɗanda ba su kai tsufa ba. Sai daga 1976, bayan wani rubutu na likita Robert Katzman a Amurka, aka karkata ga cewa ita ce dai ke bayan mafi yawan gigin tsofaffi. Daga nan sunan ya cika jaridu. A Najeriya babban binciken da aka yi a Ibadan ne, wanda aka fara a 1992 tare da jami'ar Indiana, kuma a kan 'yan shekara 65 zuwa sama aka yi shi.

Mu kuwa sunan ya iso mana ta rediyo da intanet, aka fassara shi da "cutar mantuwa". A ganinmu nan aka yi tuntuɓe. Kalmar da gardi ke kiran matsalarsa ta allo, ita aka ɗora wa ciwon kaka. To wa ba ya mantuwa?

Dimenshiya tana iya kama wanda bai kai 65 ba, wannan gaskiya ne. Amma wani nazari da aka buga a 2021, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da dama, ya sami kusan mutum 1 cikin 100,000 a tsakanin 'yan shekara 30 zuwa 34. Abin da ya fi damun matasanmu ya fi wannan kusa: kwana a kan waya, ciwon damuwa, ƙarancin jini, buguwar kai a hatsarin babur, abin da sanƙarau ya bari (waɗanda annobar 1996 ta kama suna yara, yanzu magidanta ne). Sai shaye-shaye. Ba mu manta yadda kodin ya yi katutu a Kano ba, har gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin a 2018. Da yawa daga cikin waɗannan suna sauƙi idan an gano tushensu.

Don haka idan jarumarmu ita ce ke kukan tana mantuwa, tana iya lissafa duk abin da ta manta jiya, mu nemi dalilin a barcinta da abin da ke cin ranta. Idan kuwa dimenshiya muke son rubutawa, sau da yawa 'yan uwa ne ke fara lura, ba mai ciwon ba. Mutum ne zai maimaita tambaya ɗaya sau biyar, ya kasa canjin kuɗin da ya saba yi a shagonsa, ya ɓace a hanyar Kademi zuwa Gaya da ya shekara 30 yana bi, abin kuma kullum ƙaruwa yake. Irin wannan a kai shi Babban Asibitin Gaya, idan ta kama a tura shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.