Giyar Kwalba da Zamanin Ma'aikata: Tarihin Sunayen da Suka Yi Tashe a Arewacin Nijeriya

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna hira da tsofaffin ma'aikatan da suka yi aiki a Kaduna ko Jos ko Kano tsakanin 1960 da 1985, musamman na reluwe da na masaƙu da tsofaffin sojoji, zai ji wasu sunaye suna faɗowa a cikin zance: Star, Gulder, Double Crown, Rock, Kronenbourg. Sunaye ne na giyar kwalba wadda a wancan lokaci ake ɗauka ta manya ce. Da yawa daga cikin masu ambaton su sun daɗe da tuba, wasu ma ba su taɓa kai kwalbar baki ba, amma da an ambaci sunan sai a ga fuskarsu ta sauya kamar an tuno musu da tsohon aboki.

Matsayin giya a Musulunci sananne ne, haramun ce, kuma ba a rubuta wannan maƙala don a yi mata kwalliya ba. Sai dai aikin mai tarihi ne ya rubuta abin da ya auku, mai daɗin ji da marar daɗi, domin abin da aka ɓoye wa na baya shi ne suke komawa su faɗa cikinsa. Maƙalar za ta duba abubuwa uku: yadda waɗannan kwalabe suka zama alamar girma, abin da ya kawar musu da wannan girma, da kuma ainihin abin da dattawan nan suke bege idan sun tuna da su.

Kafin Zuwan Kwalba

Ba Bature ne ya kawo giya ƙasar nan ba. Maguzawa da al'ummomi da dama na kudancin Zazzau da tsaunukan Jos da kwarin Binuwai sun daɗe suna dafa burkutu da fito. Mata ne ke wannan aiki. Sukan jiƙa dawa, su baza ta har ta tsira, su shanya tsiron su niƙa, su dafa a manyan tukwane, sannan su bar shi ya yi tsami. Aikin yana cin kwanaki, amma idan ta nuna ba ta wuce kwana ɗaya ko biyu sai ta lalace. Saboda haka ba a fataucinta zuwa nesa, kuma ba ta da suna sai na matar da ta dafa ta. Ana shan ta a ƙwarya, a wurin gayya ko buki ko ranar kasuwa, mai hali da talaka duk daga tukunya ɗaya. A garuruwan Musulmi kuwa, musamman bayan jihadin 1804, shan giya abin kunya ne da ake yi a ɓoye. A wancan zamani babu wanda ke auna darajar mutum da irin giyar da yake sha.

Dokar da Ta Ƙara wa Kwalba Kwarjini

A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a kan wata yarjejeniya a birnin Burasal na ƙasar Beljiyam, wadda ta tanadi hana shigar da barasa yankunan Afirka da ba su saba da ita ba. Da Lugga ya kafa mulkin Ingila a Arewa a 1900, sai ya bi wannan tanadi, aka hana sayar wa 'yan ƙasa giyar da ake kawowa daga Turai. Dokar giya ta 1917 ta ƙara tsara abin, ta bambanta wuraren da aka hana da waɗanda ake sayarwa da lasin.

Amma dokar ba ta hau kan kowa ba. Bature yana sha a kulob ɗinsa, kuma an yi wa akawuna da ƙwararrun ma'aikatan da suka zo daga Kudu sassauci. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari don waɗannan baƙi, kwalba ta samu wurin zama a gefen birni. Daga nan ta ɗauki ma'anar da ba ta cikinta. Abin da Razdan da Di'o ke sha, aka kuma hana talaka, dole ya yi kwarjini a idon yaron da ya fito makaranta yana neman shiga sahun 'yan boko. Hanin da aka yi don kare jama'a, shi ne kuma ya mai da kwalba tamkar takardar shaidar wayewa a wurin 'yan bariki.

Zuwan Kamfanoni

A 1946 kamfanin UAC da wasu kamfanonin ciniki na Turawa suka haɗa gwiwa da Heineken na ƙasar Holan suka kafa kamfanin da aka sani da Nigerian Breweries. A watan Yuni na 1949 kwalbar Star ta farko ta fito daga masana'antarsa a Legas. Kamfanin ya buɗe reshe a Aba a 1957, sannan a Kaduna a 1963, a unguwar Kakuri, kusa da masaƙun da suka fara aiki tun 1957. Wannan maƙwabtaka ba haɗuwar banza ba ce, domin inda dubban ma'aikata ke karɓar albashi a ƙarshen wata, nan kasuwar take. Shi ma kamfanin Guinness ya gina masana'anta a Ikeja a 1962, wadda ita ce ta farko da ya gina a wajen Ailan da Birtaniya.

Bayan yaƙin basasa sunaye suka ƙaru. Gulder ta fito a 1970 a cikin kwalba mai ruwan ƙasa, aka tallata ta a matsayin ta waɗanda suka ci gaba. Harp ta biyo baya a 1974. Gwamnatoci ma suka shiga harkar, domin a lokacin ana kallon masana'antar giya kamar kowace masana'anta mai kawo haraji da ayyukan yi. A Kano kamfanin North Brewery yana yin Double Crown. A Jos aka kafa Jos International Breweries mai yin Rock. A Kaduna ana yin Kronenbourg, wadda asalinta ta Faransa ce, a Makurɗi kuma ana yin More. Da gwamnatin soja ta hana shigo da giya daga waje a 1978, sai kasuwa ta zama ta 'yan gida, har masana'antun giya a Nijeriya suka haura 30 a shekarun 1980.

Zamanin Udoji

Tashen waɗannan sunaye ya zo daidai da zamanin kuɗin man fetur. An fara amfani da naira a 1973. A farkon 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji tare da ariyas, sai ga masinja da babur, akawu da rediyo mai kaset, malamin makaranta da firji. A wannan shekarar ce kuma masana'antar harhaɗa motocin Peugeot ta fara aiki a Kaduna. A 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja.

A cikin wannan yalwa aka yi wa kwalabe matakai kamar na aikin gwamnati. Heineken ta waje tana sama, a teburin manyan hafsoshi da manajoji. Gulder da Star suna biye, a hannun ma'aikacin da albashinsa ya kai. Ta gida irin su Double Crown da Rock tana da nata masoya, waɗanda ke alfahari da cewa a garinsu ake yin ta. Burkutu kuwa aka bar wa lebura da mutumin ƙauye. Wanda aka yi wa ƙarin girma a ofis yakan sauya kwalba kamar yadda yake sauya riga, kuma a wurin biki ana ƙidaya katan nawa aka sauke don a san nauyin mai bikin. Hatta mawaƙa sun shigo da abin cikin waƙa. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yana da wata sananniyar waƙa a kan mashaya, wadda malamai suka yi ta suka.

Ba za a rufe wannan babi ba sai an faɗi ɗaya ɓangaren. Albashi da yawa ya ƙare a mashaya kafin ya isa gida. An yi matan da suka riƙe gidaje da ƙosai da wankau alhali mazansu na karɓar albashi, an yi yaran da aka koro daga makaranta, an yi ma'aikatan da ciwon hanta ko hatsarin mota ya ɗauke tun ba su kai ga fansho ba. Masu tuna daɗin wancan zamani galibi waɗanda suka tsira ne.

Ranar da Dawa Ta Shiga Kwalba

Giyar kwalba da tsiron sha'ir ake yin ta, shi kuwa daga Turai ake sayo shi da kuɗin waje. Da farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, kuɗin wajen ya yi wuya. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta karye, sannan daga watan Janairu na 1988 aka hana shigo da tsiron sha'ir gaba ɗaya.

Sai kamfanoni suka juya ga dawa da masara. Suka riƙa sayen kaura da farfara daga manoman Arewa, suka yi amfani da irin dawar da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta inganta, kamar wanda ake kira SK5912. Wasu suka buɗe gonakinsu, kamar gonar BARC da kamfanin Jos ya kafa. A nan tarihi ya yi juyin waina. Kwalbar da ma'aikaci ke ɗagawa don ya nuna ya wuce mai shan burkutu, ta koma ana dafa ta da tsiron dawa, wato abin da matar ƙauye ke dafa burkutunta da shi tun kaka da kakanni. Mashaya sun yi ta ƙorafin ɗanɗano ya sauya, kuma har yau tsofaffi na raba tarihin waɗannan sunaye gida biyu: kafin hanin da bayansa. Ko da aka ɗage hanin a ƙarshen shekarun 1990, kamfanoni ba su saki dawa ba, domin ta fi araha kuma tana kusa.

Dusashewa

Ƙananan masana'antu ba su iya jure sauya injuna da tsadar kayan gyara ba, sai suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Na Kano ya daina aiki, Double Crown ta ɓace daga kasuwa. Na Jos ya yi shekaru a durƙushe. Na Kaduna mai yin Kronenbourg ya koma hannun Heineken a 2011. Masu sayen ma suka ragu: jirgin ƙasa ya tsaya cik, babbar masaƙar Kaduna ta farko ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007, dubban ma'aikata suka koma gida hannu rabbana.

A ɗaya gefen kuma ra'ayin jama'a ya sauya. Wa'azi ya yawaita, abin da ake alfahari da shi a da ya koma abin ɓoyo. Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a watan Oktoba na 1999, Kano ta biyo a 2000, har jihohi 12 suka shiga, aka hana sayar da giya a mafi yawan garuruwansu. Lemon sha'ir marar sa maye, irin su Maltina da ta fito tun 1976 da Malta Guinness ta 1990, shi ya karɓi teburin biki. Star da Gulder ba su mutu ba, amma daga shekarun 2010 masu araha irin su Goldberg da Life da Trophy da Hero suka ƙwace musu kasuwa mai yawa. Kwalbar da uba ya ɗauka ta manya, ɗansa ya ɗauke ta ta tsofaffi.

Kammalawa

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Idan aka saurari dattawan nan da kyau za a ga ba sa daɗewa a kan ɗanɗano. Da sun ambaci kwalbar sai su zarce zuwa ga jiniyar masaƙa da asuba, da jirgin Kano zuwa Legas, da albashin da ke isa har a yi ajiya, da abokin aiki Bayarabe ko Ibo ko Birom da aka zauna unguwa ɗaya da shi ba tare da tsoro ba. Kwalbar alama ce kawai da ta maƙale a ƙwaƙwalwa. Girman da aka ba ta ya fito ne daga dokar Bature, da tallar kamfani, da ƙarfin naira, kuma da waɗannan suka kau sai girman ya bi su.

Darasin da ke nan ga malaman makaranta shi ne su nuna wa ɗalibai yadda ake ƙera daraja a liƙa wa kayan sayarwa, domin abin da ya faru da kwalba jiya yana faruwa da wayar hannu da sutura a yau, har ma da ƙwayoyin da ke lalata matasa. Ga dattawa kuma, waɗanda suka ga wannan zamani da idonsu suna ƙarewa. Ya kamata a zauna da su a rubuta abin da suka sani game da masana'antun da aka rufe da unguwannin da suka watse, tare da labarin gidajen da kwalbar ta rusa, tun kafin a neme su a rasa.