Daga Ina "OK" Ta Samo Asali?

Yau za mu bi sawun wata kalmar Turanci da ko wanda bai taɓa shiga aji ba yana faɗin ta: OK.

A ƙarshen shekarun 1830, 'yan jarida a birnin Boston na Amurka sun tsiro da wani yayi: su karkace rubutun kalmomi da gangan, sannan su taƙaita su don raha. Ranar 23 ga Maris 1839, jaridar Boston Morning Post ta buga "o.k." a madadin "all correct", wato komai daidai, kamar a ce da "oll korrect" ake rubuta shi. Sauran taƙaitattun kalmomin sun tafi da yayinsu. Wannan kuwa siyasa ce ta raya ta.

A 1840 shugaban Amurka Martin Van Buren ya nemi tazarce. Ɗan garin Kinderhook ne, ana yi masa laƙabi da "Old Kinderhook". Magoya bayansa suka kafa ƙungiya mai suna O.K. Club, kalmar ta shiga bakin kowa. Van Buren ya sha kaye, amma OK ta zauna daram.

Da aka manta da asalinta, sai kowa ya ja ta gidansu. Wasu suka ce daga Girkanci ne, "ola kala". Wasu suka ce "okeh" ce ta ƙabilar Choctaw, har shugaba Woodrow Wilson ma haka yake rubuta ta. Sai a 1963 da 1964 Allen Walker Read na Jami'ar Columbia ya fitar da abin da ya tono a tsofaffin jaridu, ya nuna shekara da shafi.

Mu ma muna da irin wannan cutar. Sau nawa muka ji an ce "boko" daga "book" take? A 2013 masanin Hausa Paul Newman ya nuna kalmar tamu ce tun asali, ma'anarta abin da ba na gaskiya ba, kamar amaryar boko. Kama da wane ba ta wane.

Mu marubuta, abin da muka sa a takarda shi yara za su haddace. Kafin mu ce kalma daga wuri kaza take, mu fara tambaya: ina aka fara ganin ta, kuma a wace shekara?