Mambilla: Ƙasar Shayi a Kan Dutse

 

Wanda ya ji sunan Mambilla a nan Bimbilla zai iya zaton wata unguwarmu ce. A'a, wani tsauni ne mai shimfiɗaɗɗen kai a jihar Taraba ta Nijeriya, kan iyaka da Kamaru. Sai dai tarihinsa ya fi sunan kama da namu.

Tsayinsa ya kai wajen mita 1,600 daga bakin teku, alhali mu nan ko 300 ba mu kai ba. Mota takan taso daga Serti, ta yi ta hawa tana kwana har Maisamari, sai Nguroje, sai Gembu, hedkwatar ƙaramar hukumar Sardauna. A can sama akwai sanyi da hazo da doguwar damina, ga ciyawa iya ganin ido, kuma ƙudan tsando da ke kashe shanu a kwari ba ya zama a wurin. Ku riƙe wannan, ɗalibai, don shi ne mabuɗin sauran labarin.

'Yan ƙasa su ne Mambilla, manoman masara da gwaza, tare da Kaka da Panso da Kambu. A ƙarni na 19 dakarun Lamidon Banyo sun sha kai musu hari suna kama bayi. Mu da muke maƙwabtaka da Salaga mun san wace kasuwa ce wannan, kuma sunan jihadi ba ya wanke ta. Fulani makiyaya kuwa sun fara hawa da yawa ne daga shekarun 1940, 'yan kasuwa Hausawa suka kafa shaguna a garuruwa, Fulatanci ya zama harshen ciniki.

Ga inda muka haɗu da su. Jamus ta riƙe Mambilla cikin Kamaru, kamar yadda ta riƙe Bimbilla da Yendi cikin Togo bayan ta auka wa Bimbilla, ta kuma yi yaƙin Adibo a 1896. Da Jamus ta sha kashi a yaƙin duniya na farko, Ingila da Faransa suka raba ƙasashen biyu. Mu aka yi mana ƙuri'ar raba gardama a 1956, muka shiga Ghana. Su kuma tasu ta zo a 1961, Arewacin Kamaru ta Ingila ta zaɓi Nijeriya, aka sa wa lardin suna Sardauna, saboda Ahmadu Bello. Har yau akwai Mambilla a ɗaya gefen iyaka, dangi ɗaya, takardun shaida biyu. Mutanen Bawku ba sai an yi musu bayani ba.

Shayi baƙo ne a wurin. An kafa gonarsa da masana'anta a Kakara, inda ake yin wanda ake kira Highland Tea. Itacen shayi na son ruwa mai yawa, da sanyi, da gangaren da ruwa ba ya kwanciya. Ana datse shi ya tsaya daidai ƙugu, masu tsinka su bi shi da kwando a baya, suna cire ganye biyu da toho ɗaya daga kai. Dole a kai ganyen masana'anta ranar da aka tsinke shi. A shanya ya yi laushi, a murje, a bar iska ta mayar da shi ja, sannan a busar. Koren da samarinmu ke dafa ataya da shi a zango itacen ɗaya ne, ba a dai bar shi ya yi ja ba, kuma galibinsa daga Sin yake zuwa. Abin takaici, ganyen Sin ya fi na Taraba saukin samu a kasuwarmu.

To ga gonar shayi, ga masara, ga dubban shanu, kuma kan dutse ba ya ƙara faɗi. Manomi na cewa ƙasar kakanninsa ce. Makiyayi na nuna takardar fili da hukuma ta ba shi. Kowa da hujjarsa, hukuma kuma ta daɗe ba ta raba gardamar ba. An sha yin rikici, kuma na watan Yuni 2017 ya ci rayuka da shanu da ƙauyuka. Kada wani ya ce muku yaƙin addini ne: cikin Mambilla akwai Musulmi akwai Kirista, an kuwa yi asara tsakanin masu fuskantar alƙibla ɗaya. Mu ma da aka ce namu na 1994 a kan zabo ya tashi a kasuwar Nakpayili, dattawa sun san maganar ƙasa ce da sarauta, tun daga na 1981.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, can da nan.