Willie O'Ree: Baƙar Fatar da Ya Shiga Gasar NHL da Ido Ɗaya

A daren Asabar, 18 ga Janairun 1958, ƙungiyar Boston Bruins ta sauka a birnin Montreal na ƙasar Kanada don karawa da Montreal Canadiens, wadda ke riƙe da kambun gasar hokin ƙanƙara a lokacin. Boston ta ci 3 da nema. Cikin 'yan wasanta akwai wani saurayi ɗan shekara 22 da aka kirawo daga wata ƙaramar ƙungiya ta birnin Quebec domin ya cike gurbin wanda ya ji rauni. Sunansa Willie O'Ree, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya taɓa wasa a gasar NHL tun da aka kafa ta a 1917. Abin da mai horar da shi da abokan wasansa ba su sani ba shi ne idonsa na dama ba ya gani.

Kafin mu shiga labarinsa, yana da kyau mai karatu ya san irin wasan da ake magana a kai, tunda ba wasan ƙasar zafi ba ne. Ana yin hokin ƙanƙara a fili mai shingen katako, wanda aka daskarar da ruwa a kansa ya zama kamar gilashi. Kowane ɗan wasa yana sanye da takalmi mai siririn ƙarfe kamar wuƙa a ƙasansa, da shi yake sulɓi a guje, hannunsa riƙe da sanda mai lanƙwasa a baki. A maimakon ƙwallo, wani ɗan faifan baƙar roba ake bugawa, mai tauri, nauyinsa kusan giram 170. Kowane ɓangare na da mutum 6 har da mai tsaron raga, ana kuma wasan zango 3, kowane zango minti 20. Doka ta yarda ka bangaje abokin hamayya da kafaɗa ko ƙugu har ya haɗu da shinge. A zamanin O'Ree kusan babu mai sa hular kwano, balle abin kare fuska, don haka zubar haƙora da ɗinki a goshi abin yau da kullum ne.

An haifi O'Ree ranar 15 ga Oktoban 1935 a garin Fredericton da ke lardin New Brunswick, gabashin Kanada. Shi ne auta a cikin 'ya'ya 13. Asalin zuri'arsu bayi ne da suka kuɓuta daga Amurka suka sami mafaka a Kanada, kuma a lokacin yarintarsa gidajen baƙar fata biyu ne kacal a garin. Yana ɗan shekara 3 ya fara sulɓi a kan ƙanƙara a bayan gidansu. Yayansa Richard ne ya koya masa wasan, ya kuma riƙa bangazarsa da ƙarfi da gangan, yana nuna masa cewa abin da zai tarar a gaba ya fi wannan.

Ba shi ne baƙar fata na farko da ya iya wasan ba. Tun 1895 baƙaƙen fata na lardin Nova Scotia suka kafa gasar hoki tasu ta kansu, mafi yawan ƙungiyoyin daga majami'unsu suka fito. A shekarun 1940 kuma an yi Herb Carnegie, gwani da kowa ya shaida, wanda ya yi wa ƙungiyar Quebec Aces wasa daga baya. A 1948 New York Rangers ta gwada shi, amma sai ta yi masa tayin zama a ƙaramar ƙungiyarta kan kuɗin da bai kai abin da yake samu ba, shi kuwa da iyali a wuyansa ya ƙi. Har ya yi ritaya bai taka filin NHL ba. A wancan zamani, daga 1942 zuwa 1967, ƙungiyoyi 6 ne kawai a gasar: Boston, Chicago, Detroit, Montreal, New York da Toronto. Gurabe kaɗan ne, masu rabon su kuma duk farare.

O'Ree ya tashi yana hoki da sanyi, da bazara kuma yana wasan besbol na Amurkawa. Yana ɗan shekara 14 aka kai ƙungiyarsu ta yara birnin New York, inda ya gaisa da Jackie Robinson, mutumin da ya karya shingen launin fata a babbar gasar besbol a 1947. Yaron ya gaya masa cewa shi har hoki yana yi, Robinson ya yi mamaki, domin bai san yara baƙaƙe na wannan wasa ba.

A kakar 1955 zuwa 1956, yana wasa a ƙungiyar matasa ta garin Kitchener, faifan da wani ya sheƙo ya goce ya same shi a fuska. Ya farfasa masa idon dama. Likita ya shaida masa cewa ya rasa kusan kashi 95 cikin 100 na ganin wannan ido, kuma shi da hoki sai dai kallo. Bayan 'yan makonni O'Ree ya koma fili. Ya san cewa in maganar ta fita, babu ƙungiyar NHL da za ta ɗauke shi, domin dokar gasar ba ta yarda da mai ido ɗaya ba. Hausawa na cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ya gaya wa yayarsa mace, ya roƙe ta ta rufe, ko iyayensa bai sanar da su gaskiyar lamarin ba.

Rufin asirin nan yana da tsada. O'Ree ɗan gefen hagu ne, wato yawancin wasan ta damansa yake gudana, ta ɓangaren idon da ya mutu. Duk lokacin da za a turo masa faifai sai ya juya kansa gaba ɗaya har haɓarsa ta kusa taɓa kafaɗa, ya duba da idon hagu, alhali yana gudu a kan ƙanƙara kuma wani ƙato na tafe zai bangaje shi. Sau da yawa ya sulɓe ya wuce faifan, ko ya buga ya kauce wa raga. Masu kallo suna cewa saurinsa ya fi hannunsa, ba su san dalili ba.

A 1956 ƙungiyar besbol ta Milwaukee Braves ta gayyace shi gwaji a sansaninta na garin Waycross da ke jihar Jojiya, kudancin Amurka. A can ya fara ganin wariya a rubuce: banɗakin farare daban, na baƙaƙe daban, ɗakin kwana ma haka. Da aka sallame shi, a kujerar baya ta bas ya zauna kamar yadda dokar Kudu ta tilasta, yana matsowa gaba sannu a hankali yayin da motar ke nausawa arewa. Ya isa gida ya yanke shawarar cewa hoki zai riƙe. A shekarar ya shiga Quebec Aces, ƙungiyar da Carnegie ya yi wa wasa, daga nan ne kuma Boston ta kira shi.

Wasa 2 kawai ya yi a zuwan farko, aka mayar da shi ƙaramar gasa. Jaridu ba su yi wani ɗoki ba, shi kansa ya sha faɗi cewa sai da ya karanta washegari ya gane ya kafa tarihi. Ya dawo Boston a kakar 1960 zuwa 1961, ya yi wasa 43, ya ci 4, ya taimaka aka ci 10. Cinsa na farko ya zo ranar 1 ga Janairun 1961 a gidan Boston, a ragar Montreal, kuma shi ne ya raba gardama aka tashi 3 da 2. 'Yan kallo suka miƙe suna tafa masa.

A wasu biranen tarbar daban ce. O'Ree ya ce zagin launin fata ya fi muni a filayen Amurka fiye da na Toronto da Montreal. 'Yan kallo kan ce masa ya koma Kudu ya tsinci auduga, shi da aka haifa a ƙasar ƙanƙara. Mafi muni ya faru a Chicago a 1961, inda wani ɗan wasan ƙungiyar garin ya zage shi, sannan ya doke shi da gindin sanda a baki, ya zubar masa da haƙoran gaba ya karya masa hanci. O'Ree ya rama da sanda a ka, fili ya rikice, aka kore su duka biyu. Ya ce ya sha yin dambe a fili domin in ya nuna tsoro sau ɗaya, kowa zai maishe shi abin bugu, amma bai taɓa yin faɗa don zagi kawai ba, don da haka ne da kullum yana benci.

Da kakar ta ƙare Boston ta miƙa shi ga Montreal, ƙungiyar da ta cika da gwanaye har babu inda za a sa shi. Bai sake wasa a NHL ba. Jimillar abin da ya yi a babbar gasar wasa 45 ne.

Sai dai wasansa bai ƙare nan ba. Ya koma gasar yammacin Amurka, ya shiga Los Angeles Blades, inda mai horarwa Alf Pike ya mayar da shi gefen dama. Wannan ɗan sauyi ya gyara komai: yanzu mataccen idon yana fuskantar shinge, mai ganin kuma yana kallon fili. Ya ci 38 a kakar 1964 zuwa 1965, ya fi kowa a gasar, ya sake cin 38 a kakar 1968 zuwa 1969 a rigar San Diego Gulls. Mutum na iya tambaya, da Boston ta san gaskiyar idonsa, da ta mayar da shi dama ne, ko da ta sallame shi? A bisa dokar lokacin, sallamar ce ta fi kusa. Ya ci gaba da wasa har 1979, ya ajiye sanda yana da shekara 43, a shekarar da NHL ta wajabta hular kwano ga sababbin 'yan wasa.

Ƙofar da ya buɗe ta daɗe ba wanda ya bi ta. Jackie Robinson bai cika wata 3 ba a babbar gasar besbol wani baƙar fata ya biyo bayansa. A hoki kuwa sai 1974, shekara 16 bayan daren Montreal, Mike Marson ya shiga Washington Capitals ya zama na biyu. Dalilan suna da yawa: baƙaƙen fata ba su da yawa a Kanada ta wancan lokaci, inda kusan duk 'yan wasan suke fitowa, kayan wasan da kuɗin hayar filin ƙanƙara sun fi ƙarfin talaka, ga kuma wariyar da ba a rubuta ba amma kowa ya san da ita.

Bayan ritaya O'Ree ya yi ayyuka iri-iri a San Diego, har da gadi a wani babban otal. A nan NHL ta neme shi, a 1998 ta naɗa shi jakadanta mai jawo yaran marasa galihu da na tsirarun ƙabilu zuwa wasan. Yana da shekara fiye da 60 ya shiga zagaya makarantu da filayen unguwanni a Amurka da Kanada, yana koya wa yara ɗaure takalmi da riƙe sanda. Wannan aiki, fiye da wasa 45 ɗin can, shi ya kai shi zauren gwarazan hoki da ke Toronto a 2018. Kafin nan Kanada ta ba shi lambar girmamawa ta ƙasa a 2008. Ranar 18 ga Janairun 2022, shekara 64 cif bayan wasansa na farko, Boston ta jingine lambar rigarsa, 22, ba mai sake sa ta. Ya kalli bikin ta bidiyo daga San Diego saboda annobar korona. A watan ne kuma shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar ba shi lambar zinare ta Majalisar Amurka.

Cikin waɗanda suka biyo sawunsa akwai masu jinin Najeriya. Jarome Iginla, wanda mahaifinsa Bayerabe ne, ya zama kyaftin ɗin Calgary Flames, ya ci 625 a NHL, ya kuma ciyo wa Kanada zinare a gasar Olamfik ta 2002 da 2010. Akim Aliu kuwa a Okene ta jihar Kogi aka haife shi. A 2019 ya fito ya bayyana cewa wani mai horarwa ya yi masa zagin launin fata shekaru 10 kafin nan a ƙaramar gasa. Mai horarwar, wanda a lokacin yake jagorantar Calgary, ya amsa cewa ya furta kalmar, ya ajiye aiki cikin 'yan kwanaki. A Chicago a 1961 an kori O'Ree daga fili tare da wanda ya zage shi, ya zauna a ɗakin sauya kaya ana yi masa ɗinki, 'yan sanda na tsaron ƙofa. Shekara 58 ke tsakanin waɗannan abubuwa biyu, kuma O'Ree yana raye ya ga na biyun.